Jan fenti a jikin katanga: ina mai gida zai kai kukansa a birnin Zariya?

Duk wanda ya zauna a cikin birnin Zariya shekarun nan ya san abin da jan fenti yake nufi. Mutum ya kwanta lafiya, gari ya waye ya tarar an shata ƙatuwar alama a jikin katangarsa, a ƙasa an rubuta a dakatar da aiki, ko a zo ofis da takardu. Daga ranar barci ya ƙaurace wa gidan. Ni sana'ata zanen gidaje, a cikin ganuwa aka haife ni, shi ya sa masu irin wannan damuwa sukan biyo ta zaurenmu da takarda a hannu. Tambayarsu ba ta wuce uku. Wa zan kai wa ƙara? Yaushe za a yanke? Waɗanda suka kai kafin ni, an ba su gaskiya kuwa?

Ta farko tana da amsa, ko da yake doguwa ce. Biyun ƙarshe su ne suke ci mini tuwo a ƙwarya, domin amsarsu lissafi take bukata, lissafin kuwa ba a ajiye shi inda talaka zai gani ba.

Sai an koma baya kaɗan za a gane dalilin da ya sa birni ya bambanta da sauran Zariya. Turawa sun ci garin a 1902, jirgin ƙasa ya iso bayan 'yan shekaru, Sabon Gari da Tudun Wada suka tsiro a wajen ganuwa. Dokar tsara garuruwa ta 1917, ta zamanin Lugga, ta shafi unguwar Turawa da Sabon Gari ne: can aka ja tituna a miƙe, aka yanka filoti, aka bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin Bature da baƙar fata. Abin da ke tsakanin Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan, da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Kona, an bar wa Sarki da En'e. Saboda haka gidajen Kwarbai da Ƙaura da Juma da Limancin Kona ba da zanen takarda aka gina su ba. Gado ne, ana rabawa, ana ƙara ɗaki idan yaro ya isa aure, ana toshe wata ƙofa a buɗe wata.

Wannan ba ya nufin babu doka. Akwai, kuma mai tsauri. Ina saurayi wani maƙwabcinmu ya ɗora bene, tagarsa ta leƙo tsakar gidanmu daidai inda mata suke daka. Mahaifina bai yi masa magana ba, ya saka babbar riga ya nufi zauren mai unguwa, ni ina biye da shi.

"Ranka ya daɗe, ba faɗa ya kawo ni ba," in ji shi. "Alhaji maƙwabcina ne, tare muka yi makarantar allo. Amma tagar nan iyalina take kallo."

"Malam, kwantar da hankalinka. Bayan la'asar za mu zo mu gani da ido."

Ya zo kuwa, da liman da wani tsohon magini. Suka hau benen, mai unguwa ya tsaya a bakin tagar da kansa ya duba, ya sauko.

"Alhaji, benenka halalinka ne, ba mai hana ka. Amma a ɗaga tagar nan ta wuce tsayin mutum, iska ta shiga, ido kada ya fita."

"Na ji, ranka ya daɗe. Gobe magini zai zo."

Kafin Juma'a ta zagayo an gama. Da ɗayansu bai gamsu ba, hanya a buɗe take zuwa ga hakimi, daga nan fada ko gaban alƙali. Hukuncin kuma ba daga kan mai unguwa ya fito ba. Littattafan Malikiyya sun yi dogon bayani a kan taga da indararo da hayaƙi da masai da ke jingine da katangar wani, duk a ƙarƙashin ƙa'idar ba cuta ba cutarwa. Har ma'auni suka kawo: a ajiye gado a gindin tagar mutum ya hau, in ya hango cikin gidan maƙwabci to a toshe. Idan an yi saɓani a kan faɗin hanya, kamu bakwai ne. Ibn al-Rami, wani magini na Tunis a ƙarni na 14, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafi guda. A ƙasarmu ma Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan mallakar ƙasa, alƙalin Gwandu Idris ɗan Khalid ya tara wa alƙalai mas'aloli irin waɗannan a wajen 1836. Da Besim Hakim da Zubair Ahmed suka yi nazarin waɗannan dokoki a 2006, birnin Zariya suka ɗauka misali.

Ba zan ce tsarin ba shi da aibu ba. Bazawara da ke rigima da attajiri ba kullum take samun kunnen da mahaifina ya samu ba, kuma da wuya a rubuta abin da aka yanke, sai dai a ce "wane shaida ne", in wane ya rasu shaidar ta bi shi. Amma yana da abubuwa biyu masu daraja: mai hukunci yana zuwa ya gani da idonsa, kuma ba a daɗewa.

Yau rigimar ta sauya fuska. Da tsakanin maƙwabci da maƙwabci take, yanzu mafi zafinta tsakanin mai gida ne da gwamnati. Mutane da yawa suna haɗa abubuwa biyu da suka sha bamban, kuma wannan haɗawar ta jawo wa wasu asara. Mallakar fili daban, izinin gini daban. Takardar mallaka a jihar Kaduna tana hannun hukumar KADGIS, wadda aka kafa a farkon mulkin Malam Nasir El-Rufa'i. Izinin ɗora gini kuwa, da dakatar da shi, da rushe shi, aikin hukumar KASUPDA ne. Kana iya mallakar fili halal malak, ka yi gini ba izini, a shafa maka jan fenti kuma doka tana bayan mai shafawar.

Ta fuskar mallaka, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna amana. Amma akwai wani sashe nata, na 34, da ya kamata kowane ɗan birni ya sani: wanda yake riƙe da ginannen wuri a cikin gari kafin dokar ta fara aiki, ana ɗaukarsa kamar gwamna ya riga ya ba shi haƙƙin zama. Wato gidan kakanka da ke Alfadarai ko Rimin Tsiwa ba haramtacce ba ne don kawai ba ka da satifiket. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓe wuri don amfanin jama'a, amma sai da sanarwa, sashe na 29 kuma ya wajabta diyyar abin da aka gina.

Ta fuskar izini kuwa, dokar Turawa ta 1946 ce ta yi ta aiki har gwamnatin soja ta fito da doka mai lamba 88 a 1992. A takarda dokar nan ta yi kyau. Ta ce kada hukuma ta riƙe takardar neman izini fiye da wata uku. In ta ƙi, ta faɗi dalili a rubuce. Ta tanadi wata kotu ta musamman a kowace jiha don sauraron ƙorafin tsara gari, shugabanta ƙwararren mai tsara birane, tare da mai zanen gine-gine da injiniya da lauya da safiyo. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 28 ya kai kuka can, in can ma bai gamsu ba ya wuce Babbar Kotu. Sai dai a 2003 jihar Legas ta yi nasara a kan gwamnatin tarayya a Kotun Ƙoli, aka yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Tun daga nan kowace jiha take da ikon yin tata dokar. Abuja tana da irin waccan kotu ta musamman, Legas ta kafa kwamitin sauraron ƙorafi. Mutumin birnin Zariya kuwa, hanyoyin da ya sani a aikace su ne ya koma ofishin da ya shafa fentin ya yi roƙo, ko ya nemi wani babba ya sa baki, ko ya ɗauki lauya su nufi Babbar Kotu a Dogarawa.

Kada a yi zaton kotun shari'ar Musulunci za ta raba wannan gardama. Tana iya raba gado, ta faɗi rabon kowa a cikin gida, amma ƙarar da ake ƙalubalantar hukumar gwamnati Babbar Kotu ce gidanta. Daga can sai Kotun Ɗaukaka Ƙara a Kaduna, sai Kotun Ƙoli a Abuja. Alƙalin Babbar Kotu kuwa a gabansa akwai shari'ar kisa da ta fashi da ta bashi, taka ta katanga tana layi a bayansu. A ɗage yau don lauya bai zo ba, a ɗage wata mai zuwa don an tafi hutu, a canza wa alƙali wurin aiki a koma farko. Lauyoyi suna da wata shari'ar fili da suke buga misali da ita, ta Ariori da Elemo a Legas: an shigar da ita a 1960, ta kai Kotun Ƙoli, a 1983 aka ce a koma a sake ta daga tushe.

Katafila kuwa ba ta jiran kowa. A watan Agusta na 2015 aka rushe gidajen da gwamnati ta ce an gina a filin Kwalejin Alhudahuda, nan cikin birni. A watan Oktoba na 2021 aka rushe gidaje fiye da ɗari a unguwar Graceland, wadda gwamnati ta ce filin Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ne, mazauna wurin kuma suna cewa suna da takardu kuma maganar ta riga ta shiga kotu. A Kaduna an rushe otal ɗin Durbar a watan Janairu na 2020 alhali ana cikin shari'a a kansa. Ba ina cewa kowane mai gida a waɗannan wurare shi ke da gaskiya ba. Filin makaranta na 'ya'yan kowa ne, wanda ya ci shi ya ci amanar gari. Abin da yake damuna shi ne tsarin abubuwan: a rushe tukuna, sannan a je a gano wa ke da gaskiya. Wanda kotu ta ba gaskiya bayan shekara biyar, a kan ɓaraguzai zai karanta hukuncin.

Na daɗe ina bibiyar yadda Ingila take tafiyar da wannan al'amari, ba don komai nasu ya fi namu ba, sai don su suna ƙirgawa. Can ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin gini, tana da mako 8 a ƙaramin aiki, mako 13 a babba. In ta ƙi, ko ta yi shiru har wa'adin ya wuce, mai nema yana iya ɗaukaka ƙara zuwa wata hukuma ta daban mai hedikwata a Bristol, wadda ba ta ƙarƙashin ƙaramar hukumar. Galibin ƙararrakin a rubuce ake yin su, ba lauya, ba zaman kotu: kowane ɓangare ya aika hujjarsa, sufeto ya je wurin ya gani da ido, ya rubuta hukunci da dalilansa, kowa yana iya karantawa a intanet. Ƙalilan ne ake zama a kansu baki da baki, manyan kuma a yi musu zama irin na kotu da shaidu.

Hukumar tana fitar da alƙaluma a kai a kai. Tana yanke hukunci kusan dubu 18 a shekara. A ƙararrakin izinin gini, kusan uku cikin goma ne suke cin nasara, kuma wannan kaso ya daɗe bai yi nisa da haka ba. Manyan ƙararraki da ake zama da shaidu sun fi samun nasara, abin da ba zai ba da mamaki ba tunda masu kuɗi da ƙwararru ne ke kai su. Matsakaicin lokacin jira yana kai wata shida zuwa bakwai, ƙarar wanda aka ce ya yi gini ba izini kuwa takan kai shekara. Su ma suna kuka da jinkiri. Amma da yake an ƙirga, an san inda ciwon yake. Da aka ga manyan ƙararraki suna cin mako 47, gwamnati ta sa wata masaniyar tattalin arziki, Bridget Rosewell, ta bincika, rahotonta ya fito a 2019, aka sa burin mako 24 zuwa 26, lokacin kuma ya ragu sosai. Akwai ma ƙa'idar cewa ƙaramar hukumar da aka soke fiye da kashi 10 cikin 100 na hukunce-hukuncenta ana iya karɓe mata ikon. Ka ga alƙaluman ba ado ba ne, jami'i ya san in ya ƙi ba da izini don son rai, lissafi zai tona shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne wannan: a Ingila in aka ba ka takardar cewa ka rushe, ka ɗaukaka ƙara cikin wa'adi, takardar ta tsaya ke nan har sai an yanke hukunci. Ba sai ka nemi wata odar kotu ta daban ba. Tsarin nasu yana da gibi guda, wanda mahaifina da zai fara gani: mai neman izini ne kaɗai yake da damar ɗaukaka ƙara, maƙwabcin da taga ta leƙa ba shi da ita. A ƙasar Ayalan kuwa maƙwabci ma yana iya kaiwa. A wannan fanni zauren mai unguwa ya fi kusa da Ayalan.

A nan gida, in ka ji an ce masu ɗaukaka ƙara a kan izinin gini ba su da yawa, kada ka ɗauka mutane sun gamsu ne. Ni da nake zaune da su na san lissafin da suke yi. Magidanci ya tara kuɗin bulo da kwano, yana so ya rufe ɗaki kafin ruwa ya sauka a watan Mayu, domin ginin ƙasa in damina ta same shi a buɗe, sai dai a sake. Buhun siminti da ake saye ƙasa da naira dubu biyar a farkon 2023 ya ninka a 2024. Duk watan da takarda ta kwana a ofis, kuɗin ginin yana narkewa kamar gishiri a ruwa. Ga kuɗin lauya, wanda a ƙaramin aiki yakan fi kuɗin ɗakin. Sai ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ya haƙura, ko ya sa magina su yi aiki ranar Asabar da Lahadi, in an zo a san yadda za a yi. Na biyun ya fi yawa. Ta haka lungu yake ƙara matsewa har makara ba ta wucewa sai an karkata ta, ta haka ake cike kududdufan da suke shanye ruwan unguwa, ta haka ake cin ganuwa ana gini a kanta.

Ga kuma wata matsala da ni mai zane nake karo da ita kullum. Ƙa'idojin da aka rubuta don filoti mai kusurwa huɗu, a bar taku kaza daga titi, a bar taku kaza daga katangar maƙwabci, ba su zauna a gidan birni ba. Gidan da katangarsa ita ce katangar maƙwabci tun zamanin Sarki Kwasau, ina za a samo tazarar? In aka bi ƙa'idar a yadda take, rabin birni mai laifi ne. Irin wannan wuri shi ne ainihin inda ake bukatar wani na uku da zai zo ya tsaya ya duba, ya ce a nan ƙa'ida ta yi daidai, a nan kuma a sassauta.

Kada wani ya fahimce ni da cewa a bar kowa ya yi abin da ya ga dama. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana sallar la'asar, wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka. Ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, na zamanin Sarki Abdulkarim, ya kusa shekara 190. Wanda ya ga wannan rana ba zai ce duba gini shisshigi ba ne. Yanzu ana ɗora bene a kan tsohon harsashin ƙasa, ana zuba dakin da rodin da bai kai ba, yara suna kwana a ƙasa. Dole a samu mai cewa a'a. Amma mai cewa a'a shi ma ɗan Adam ne, yana kuskure, wani lokaci ana zuga shi, don haka dole a samu inda za a duba a'ar tasa da sauri.

Abin da nake fata ga Zariya ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Zama ne na musamman a cikin garin, ba sai an tafi Kaduna ba, wanda ba ya ƙarƙashin hukumar da ta yanke hukuncin farko. A sa ƙwararru irin waɗanda dokar 1992 ta lissafa, Sashen Tsara Birane na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru cike da su, a ƙara da wakilin masarautar Zazzau da ya san tarihin kowane lungu. A karɓi ƙorafi da Hausa, da boko ko da ajami. A yanka wa'adi, a ce wata uku. A ba maƙwabci damar shiga. In dai ba ginin da ke shirin faɗowa kan mutane ba ne, ƙorafi ya dakatar da rusau har a yanke. Sannan duk ƙarshen shekara a karanta a rediyo: ƙorafi nawa ya shigo, nawa aka ba mai gida gaskiya, nawa aka ba hukuma, kowanne ya ɗauki mako nawa. Hukumar ma za ta amfana, domin in lissafi ya nuna mafi yawan hukuncinta yana tsayawa, bakin masu cewa zalunci ne kawai zai mutu.

Kafin a kai can, ga abin da nake gaya wa duk wanda ya shigo zaurenmu da takarda. Kada ka goge fentin, kada kuma ka ci gaba da aiki da dare, domin duka biyun za su zama hujja a kanka. Ɗauki hoton katangar da na takardar a ranar, kwanan wata ya fito. Je ka nemi a rubuta maka laifin da wa'adin, kada ka tsaya a kan maganar baki. Rubuta amsarka, ka kai, ka sa a buga hatimin karɓa a kan kwafinka. Tattara duk abin da ke nuna daɗewar gidan: takardar rabon gado daga kotu, takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da hakimi, tsofaffin rasit na haraji da na wuta. Sanar da mai unguwa tun ranar farko. In ka ga alamar rusau na tafe, ga lauya a makon, kada ka jira sai wata ya kama, domin dokar da ke kare jami'an gwamnati ta taƙaita lokacin kai ƙararsu zuwa wata uku a shari'o'i da dama, kuma odar dakatarwa kafin katafila ta iso ake nemanta. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya kai kokensa Hukumar Karɓar Ƙorafin Jama'a, wadda take aiki tun 1975 kuma ba ta karɓar ko kwabo.